Maki goma a jikin ɗan Adam: yadda wasannin shiga rigar wani ke lissafin ƙarfin rai

A Amurka da Turai akwai wani nau'in wasa da ake yi a kan tebur, wanda mutum huɗu ko biyar za su zauna, kowa da takardarsa da fensir da 'yan dayis irin na lido. Ɗaya daga cikinsu shi ne mai ba da labari, shi ke faɗin gari da yanayi da abin da ya faru. Sauran kuwa kowa ya shiga rigar jarumi guda, yana magana da bakinsa, yana yanke hukunci a madadinsa. In aka zo wurin da ba a san ko abu zai yiwu ba, sai a jefa dayis ya raba gardama. Duk ƙirƙira ce, masu yi sun san tatsuniya suke ginawa tare, kuma ba wanda ake nema ya yi imani da halittun da ke ciki.

A wasu daga cikin waɗannan wasanni, jarumin ba mutum ba ne. Mashayin jini ne, ko fatalwa, ko wani daga aljanun tatsuniyoyin Turai. A ƙasan takardarsa akwai jerin 'yan akwatuna da ake cikewa ana gogewa, su ne ma'aunin ƙarfin da yake kashewa wajen yin abin al'ajabi. Kowane wasa da sunan da ya ba wannan ƙarfi, amma tushensa ɗaya ne: daga jikin mutane ake samo shi, ko daga jininsu, ko numfashinsu, ko mafarkinsu, ko tsoronsu. A ganina babu wata doka a littattafan nan da ta kai wannan nauyi, domin a nan ne wasa ke yanke hukuncin ko mutumin da ke cikin labari mutum ne ko kuwa abinci.

Dalilin da ya sa masu tsara wasa ke buƙatar irin wannan ma'auni ba ɓoyayye ba ne. Jarumin da zai iya ɓacewa ko ya ɗaga mota duk lokacin da ya ga dama, ba tare da ya biya komai ba, labarinsa ya mutu tun kafin a fara. Dole a sa wa iko farashi. Ana iya cewa ƙarfin zai dawo da kansa in an yi barci, kamar yadda wasanni da dama ke yi. Amma da zarar an ce a'a, sai ka fita ka nemo shi a wurin mutane, to an tilasta wa jarumin shiga gari, ya yi hulɗa, ya yi ƙarya, ya yi alkawari, ya bar sawu. Ma'aunin da aka kafa don taƙaita iko sai ya koma injin da ke haifar da labari.

Da farko dai 'yan wasa ba su ne masu zuƙa ba, su ake zuƙa. A Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, akwai matattu masu yawo da in suka taɓa jarumi sai ya rasa mataki guda na ƙwarewarsa, mashayin jini kuwa mataki biyu yake ɗauka a taɓawa ɗaya. Mataki a wancan wasa ba ƙaramin abu ba ne, sakamakon makonni ne ko watanni na zaman wasa. Rauni ana warkewa, dukiya ana sake tarawa, amma wannan wahalar ɗan wasan ce ta gaske ake gogewa daga takarda a gaban idonsa. Shi ya sa 'yan wasa suka fi tsoron waɗannan halittu a kan manyan dodanni masu aman wuta. Ƙorafi ya yi yawa har aka riƙa sassauta dokar: a bugu na uku na 2000 aka ba jarumi damar kuɓuta kafin asarar ta tabbata, a bugu na biyar na 2014 kuma aka mayar da ita ragin lafiya da ke gushewa bayan dogon hutu. Abin lura shi ne a duk tsawon wannan lokaci ba wanda ya damu da me dodon yake ji, ko me ya sa yake buƙata. Shi dai haɗari ne a kan hanya.

Juyin ya zo a 1991, lokacin da kamfanin White Wolf da ke jihar Jojiya ya fitar da Vampire: The Masquerade na Mark Rein-Hagen. A nan ɗan wasa shi ne mashayin jinin. Aka kuma yi wa abin lissafi ƙarara. Baligin mutum yana da maki 10 na jini a jikinsa. Mashayin jini yana kashe maki 1 kowane dare don kawai ya farka, ya kashe wani don warkar da rauni, wani don ƙara ƙarfi ko sauri. In ya sha maki 2 daga mutum, mutumin zai tashi lafiya da ɗan jiri. In ya sha rabi, sai asibiti. In ya shanye duka, gawa. Zai iya komawa ga dabbobi, amma saniya guda maki 5 ce kawai, ɓera kuwa rabin maki, kuma ba daɗi. Cizon da kansa yana sa wanda aka ciza jin wani irin daɗi da ke hana shi tirjiya, in an lashi wurin sai raunin ya rufe, da safe ba ya tuna komai sosai. Gefe guda kuma akwai wani ma'aunin, na mutuntaka, daga 0 zuwa 10, wanda galibin mutane ke kan 7. Duk ta'asar da jarumi ya yi tana iya rage masa ita, in ta ƙare ɗan wasa ya rasa jaruminsa, ya zama dabba a hannun mai ba da labari.

Akwai wani ɗan jadawali a littafin da nake ganin ya fi shafuka da yawa na bayani faɗin gaskiya. Jadawalin farauta ne. Ya nuna cewa samun wanda za a sha jininsa ya fi sauƙi a unguwar talakawa da wuraren shaƙatawar dare, ya fi wuya a unguwar masu hali da wuraren da 'yan sanda ke sintiri. Ma'ana dayis ɗin da kansa yana tura ɗan wasa wajen waɗanda in sun ɓace ba mai tambaya. Mashayan jinin cikin labarin suna kiran mutane da wata tsohuwar kalma mai nufin shanu, kuma ɗan wasa zai iya sayen "garke" tun wajen tsara jaruminsa, wato mutanen da yake komawa gare su a kai a kai. Marubutan ba su ɓoye abin da suke nufi ba: wannan labarin masu iko ne da ke rayuwa a kan waɗanda ba su da shi.

Sai dai abin da aka rubuta daban, abin da ke faruwa a kan tebur daban. Da zarar an mayar da jini lamba, sai ya zama abin lissafi. Ɗan wasa ya duba takarda ya ga saura maki 3, ya ce zai fita farauta, a jefa dayis sau ɗaya, a ce ya samu 6, a ci gaba da labarin siyasar fadar mashayan jini. Mutumin da aka sha jininsa ba shi da suna, ba shi da fuska, ba wanda ke jiransa a gida. Ya zama gidan mai da ake tsayawa a cika tanki a wuce. Wasan da aka tallata a matsayin labarin tsoron abin da mutum zai iya zama, sai ya koma labarin jarumai masu ƙarfin tsiya da ke yawo da dare. Wannan ita ce babbar matsalar duk wani wasa mai irin wannan doka, kuma kusan duk abin da aka ƙirƙiro daga baya yunƙurin magance ta ne.

Mai karatu Bahaushe ba baƙo ba ne ga ainihin tunanin. Mun taso muna jin labarin maita: maye ya kama kurwar mutum, mutum ya kwanta yana ramewa ba a ga ciwo ba, har a ce sai mayen ya tsallaka shi kafin ya tashi. A can ma abin da ake ɗauka ba ya ganuwa, kuma ana siffanta mai ɗaukar da wata yunwa da ba ya iya dannewa. Bambancin shi ne a wurinmu zargi ne da ake ɗora wa mutane na gaske, sau da yawa tsofaffi da marasa gata, kuma ya jawo duka da kora da kisa. A wasan kuwa kowa ya san ƙage ne, kuma an zaunar da kai ne a kujerar wanda ake tsoro don ka ga yadda yake lallashin kansa. Hausawa na cewa in maye ya ci ya manta, uwar ɗa ba za ta manta ba. Abin da teburin wasa ke yawan rasawa ke nan, uwar ɗa.

Wasan da ya fi zurfafa tunani a kan wannan, a nawa ganin, shi ne Changeling: The Dreaming na 1995. Jarumansa aljanun tatsuniya ne da suka fake a jikin mutane don su tsira. Abin da suke rayuwa a kai littafin ya kira shi Glamour, mu ce masa Ƙyalli: ƙarfin da ke fitowa daga mafarki da ƙirƙira da mamakin ɗan Adam. Kishiyarsa ita ce Lami, wato bushewar zuciya da rashin yarda da duk abin da ba a iya aunawa, wadda in ta yi wa jarumi yawa sai ya manta ko shi wane ne, ya ƙare rayuwarsa a matsayin mutum kamar kowa. A tarihin da aka ƙaga wa wasan, ƙofofin duniyar aljanu sun rufe ne a ƙarni na 14, zamanin annobar da ta cinye Turai, suka sake buɗewa a 1969 lokacin da ɗan Adam ya taka wata, domin a daren nan miliyoyin mutane sun yi mamaki a lokaci guda. Ko daga wannan kaɗai za a ga cewa ba jikin mutum ake nema ba, abin da ke sa shi ɗaga kai ya kalli sama ake nema.

Hanyoyin samun Ƙyalli su ne zuciyar lamarin. Ta farko reno ce. Jarumi zai nemi mai zane ko mawaƙi ko makaɗi, ko ma yaro mai yawan tunani, ya san shi, ya gano abin da ke motsa shi, ya riƙa ƙarfafa masa gwiwa har ya samar da wani abu. Daga wannan aikin ne Ƙyalli ke fitowa, kuma ba wanda ya yi asara: mai zanen ya samu zanensa, jarumin ya samu abincinsa. Amma tana cin lokaci, kuma ba tabbas. Ta biyu fashi ce. Jarumin zai fizge Ƙyallin da ƙarfi, nan take, ya bar mutumin fanko, ya kasa rubuta ko layi ɗaya na tsawon kwanaki, in aka yawaita kuma ya ƙeƙashe har abada. Abubuwa biyu a dokar fashin nan sun nuna an yi tunani. Na ɗaya, sai ka ƙulla alaƙa da mutum kafin ka iya yi masa, wato wanda ya yarda da kai shi ne kake cuta. Na biyu, yawan dayis ɗin da za ka jefa daidai yake da yawan Lamin da ke jikinka. Wanda zuciyarsa ta fi bushewa shi ya fi iya fashi, kuma in jifar ta ɓaci Lamin ce ke ƙaruwa masa. Kana amfani da abin da ke kashe ka don samun abin da ke rayar da kai.

Akwai ta uku wadda ma a cikin labarin haramtacciya ce. Maimakon a zuƙe, sai a ɗura wa mutum Ƙyalli fiye da abin da zai iya ɗauka, ya yi aiki guda ɗaya da bai taɓa yin kamarsa ba, daga nan ya ƙone, ba zai sake ƙirƙirar komai ba. An samo wannan ne daga tatsuniyar ƙasar Ayalan game da aljanar da ke son mawaƙa, ta ba su baiwa, su mutu da ƙuruciya. Na fi jin tsoron wannan a kan fashi, saboda daga waje kamar kyauta take, kuma mai yiwuwa ne mutumin da kansa ya amince da an tambaye shi. Hanya ta huɗu ita ce jarumin ya samo Ƙyallin daga ƙirƙirar kansa, wadda ba ta taɓa kowa, ita ce kuma mafi wuya duka.

Saboda hanyoyin sun bambanta, sai siyasa ta shigo. Dokar gargajiyar aljanun ta ce mutane suna da haƙƙin yin mafarki ba tare da an tsoma musu baki ba. Ɗaya daga fadojinsu biyu kuwa takenta shi ne Ƙyalli na kowa ne, kyauta ne, a ɗauka inda aka same shi. Ke nan ɗan wasa ba lamba kawai yake cikewa ba. Duk lokacin da akwatunansa suka yi ƙasa ga abokan gaba a bakin ƙofa, tambayar da ke gabansa ita ce ko zai lalata yarinyar da ya yi wata shida yana koya wa kiɗa don ya tsira a daren nan. Dokar ta sa hanya mai kyau ta zama mai jinkiri, mummunar ta zama mai sauri, sannan ta ba wadda za a cuta suna. Ba na jin akwai tsarin da ya fi wannan dacewa da abin da ake son a ji.

Sauran wasannin kamfanin White Wolf kowanne ya taɓa wani gefe. A Wraith: The Oblivion na 1994, fatalwa tana samun ƙarfi ne in ta kasance kusa da motsin zuciyar da ya yi daidai da abin da ya hana ta tafiya, misali ƙaunar 'yarta, ko kuma in masu rai suna tunawa da ita. A nan ba a rage wa kowa komai, abin tsoron shi ne ranar da za a manta da kai. A Kindred of the East na 1998 an yi amfani da Chi, wato ƙarfin rai a falsafar Sin, aka jera hanyoyin kamar tsani: na ƙasa nama yake ci, na sama da shi jini, wanda ya ƙware numfashi yake zuƙa, manya kuma daga ƙasar da suke tsaye a kai. Wasan ya sha suka, kuma da hujja, kan yadda ya cakuɗa al'adun Sin da Japan da Indiya kamar abu guda. A Demon: The Fallen na 2002 kuwa, wanda aka gina a kan labarin faɗaɗɗun mala'iku na adabin Kirista, amannar mutane ake nema ta hanyar yarjejeniya: a ba ka abin da kake so, kai kuma ka zama rijiyar da ake ɗiba kullum, wadda in an matsu za a iya ƙwalƙwale ta har ka jikkata.

Wanda ya kawo sabuwar tambaya shi ne Changeling: The Lost na 2007. Jarumansa mutane ne da aljanu suka sace, suka bautar, suka kuɓuto suka dawo a sauye. Su ma Ƙyalli suke buƙata, amma daga motsin zuciya, kuma an raba su fadoji huɗu bisa lokutan shekara, kowace da nata: fadar bazara sha'awa, ta zafi fushi, ta kaka tsoro, ta hunturu baƙin ciki. Girbar abin da mutum yake ji ba ya barin rauni a jikinsa, don haka da farko za a ce an kauce wa matsalar. Ba a kauce ba, an matsar da ita ne. Wanda abincinsa tsoro ne ba zai tsaya jiran mutane su tsorata da kansu ba, zai fara kashe fitilun lungu. Wanda abincinsa fushi ne zai kai gulma tsakanin maƙwabta. Cutar ba ta wajen ɗauka, tana wajen noman abin da za a ɗauka. Ga shi kuma waɗanda ke yin haka su ne jiya aka yi amfani da su kamar kaya, sun san ɗacin abin fiye da kowa. Wannan ya fi jini tayar mini da hankali, domin ba a buƙatar haƙora kafin a aikata shi.

In aka jera su haka, za a ga tambayoyi uku ne ke raba su: shin abin da aka ɗauka yana raguwa a wurin mai shi, shin ya sani, shin akwai wata hanyar da ba ta cutarwa. Inda amsar ta ukun ta zama babu, ɗan wasa ba shi da zaɓi, kuma wanda ba shi da zaɓi da wuya ya ji nauyi. Inda hanyar kirki ta yi sauƙi ƙwarai, ba wanda zai kalli ɗayar. Aikin mai tsarawa shi ne ya bar ƙofofin biyu a buɗe, ya sa kowacce ta ci wani abu.

Bugu na biyar na Vampire, wanda ya fito a 2018 bayan kamfanin Paradox na Suwidin ya sayi White Wolf a 2015, ya tunkari tsohuwar matsalar kai tsaye. An cire ma'ajiyar jini gaba ɗaya. Maimakon a ƙirga abin da kake da shi, sai ake ƙirga Yunwa, daga 0 zuwa 5. Duk lokacin da ka yi amfani da ikonka za ka jefa dayis guda, in bai kai 6 ba Yunwa ta ƙaru. Kowane makin Yunwa kuma yana maye gurbin dayis ɗaya a duk abin da za ka yi, ko da magana ce da maƙwabci, kuma waɗannan dayis ɗin suna iya sa ka yi nasara cikin ta'asa ko ka faɗi cikin hauka. Sha ba tare da cutarwa ba yana rage ta, amma ba ya kai ta ƙasa da 1. Hanya ɗaya tak ce ke kai ta 0, a shanye mutum har ya mutu. An kuma sa kowane ɗan wasa ya zaɓi salon farautarsa tun farko, akwai mai shiga ɗakin masu barci, mai sayen jinin asibiti, mai dogaro da dabbobi, da wanda ba ya sha sai da yardar mutum. Yanayin zuciyar wanda aka sha ma yana sauya amfanin jinin, abin da ke tilasta a tambayi ko wane ne shi da halin da yake ciki. Sannan kowane jarumi yana da mutane masu rai da aƙidunsa suka rataya a kansu, in aka taɓa su mutuntakarsa ce ke girgiza.

Wasu tsofaffin 'yan wasa ba su ji daɗin sauyin ba. Hujjarsu ita ce an ƙwace musu ikon tsara dabara, tunda yanzu sa'a ce ke yanke ko za ka ji yunwa, kuma jarumin da ya yi taka-tsantsan zai iya ɓata aiki saboda dayis guda. Ƙorafin yana da tushe. Amma ni ina tare da sabon tsarin, domin mai yunwa ba ya lissafi kamar akawu, kuma ma'ajiyar da ka san adadinta ba ta ba ka tsoro.

Duk da haka doka ba ta iya yin aikin mai ba da labari. Shi ne zai yanke ko direban tasin da aka sha jininsa ranar Talata zai sake bayyana ranar Juma'a a gadon asibiti, matarsa na tambayar likita me ya same shi. Zai yi haka ba kowane dare ba, don in aka mayar da kowace farauta makoki 'yan wasa za su gaji, labari ya tsaya. Zai iya barin uku su wuce da jifa ɗaya, ya tsaya a kan ta huɗu. Kuma tunda abin ya shafi tilastawa da cin amana, teburori da yawa yanzu sukan zauna kafin a fara su amince da abin da ba za a kwatanta ba sam, da abin da za a ambata a wuce ba tare da bayani ba, kowa kuma yana da damar tsayar da fage in ya yi masa nauyi.